Hawa Mahal, fadar da aka gina ma matan kulle

Ƴan uwa mata, masu kallon fim ɗin Indiya a cikinku wataƙila kun taɓa ganin wani dogon gini ja-ja mai ƙananan tagogi kamar saƙar zuma. Sunansa Hawa Mahal, yana birnin Jaipur, jihar Rajastan. Kar ku ce sunan wata Hauwa ne aka sa mashi. A harshensu hawa iska ce, mahal kuma fada, wato fadar iska.

Jaipur tsohuwar masarauta ce. Ko zamanin da Ingila ke mulkin Indiya sarakunanta na bisa gadonsu, sai a 1949 ta narke cikin jihar Rajastan. Sarki Sawai Pratap Singh ne ya sa aka yi wannan gini a 1799, a gefen babbar fada, da jan dutse, hawa biyar.

To, me ya kawo shi? Matan gidan sarauta suna cikin kulle mai tsanani, ba mai ganin fuskarsu. Ga kasuwa a ƙofar gida, ga bukukuwa na wucewa da kiɗa, su kuwa sai dai su ji daga nesa. Shi ne aka yi masu tagogi 953, kowace da ragar dutse da aka sassaƙa. Mace ta zauna ta leƙa, ta ga duk abin da ke gudana a titi, na titi bai ganin ta.

Tagogin nan na da aiki na biyu. Rajastan ƙasar zafi ce, ku ɗauka kamar bazararmu. Iska in ta matsu ta ƙananan ramuka sai ta shigo da ƙarfi, ta ratsa ɗakunan, wurin ya yi sanyi ba fanka ba lantarki.

Abin mamaki, fuskar da kowa ke ɗauka hoto ba ta da ƙofar shiga, ta baya ake zagayawa. Hawa uku na sama kuwa faɗinsu bai wuce ɗaki guda ba, kuma gangare ake bi a hau maimakon matakala.

Yau ginin a buɗe yake, kowa ya sayi tikiti ya shiga. Mata na tsayawa a tagogin da matan sarki suka zauna, su leƙa kasuwar, sannan su sauko su shige ta da ƙafarsu.