Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Kwana Bakwai A Dubai

Akwai garuruwan da Bahaushe kan san sunansu tun kafin ya san inda suke a taswira. A zamanin kakanninmu Gwanja ce, inda fatake ke zuwa sayo goro, daga baya aka koma Ikko da Kurmi. A wannan zamani namu kuwa Dubai ce ta karɓi kambun. Da wuya ka shiga gidan biki ba ka ji an ce gwal ɗin amarya ɗan Dubai ne, ko abayar uwar biki, ko turaren da ya cika ɗaki. Su kuwa samarin da suka gama karatu suka rasa aikin yi, sun ɗauke ta garin da ake sharar kuɗi da tsintsiya. Allah ya nufe ni da zuwa wannan birni tare da iyayena a watan Disambar 2019, kuma ina so in ba 'yan'uwana ɗalibai labarin abin da idona ya gani, domin na san a cikinmu akwai masu wannan buri a zuci.

Gidanmu yana Jabi, ba nisa da tafki. Abbanmu tsohon ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, yana cikin waɗanda aka kwaso daga Ikko lokacin da aka mayar da babban birnin ƙasa Abuja a 1991. Umma kuwa 'yar kasuwa ce, sau biyu a shekara takan je Dubai ta saro abaya da mayafai da turare, tana sayarwa a gida. Dalilin tafiyar tamu Yayana ne. Shekara biyu da gama bautar ƙasa yana yawo da takardu ofis-ofis, ba a dace ba. Ana nan sai wani dillali ya yi masa romon baka cewa zai samo masa bizar aiki, in dai zai kawo kuɗi masu kauri. Yaya ya matsa wa Abba lamba, daidai lokacin da aka biya shi kuɗinsa na sallama. Bayan an kwana biyu ana kai ruwa rana, Abba ya kira shi ya ce, "Kuɗin da zan ba wanda ban sani ba, gara mu ci su tare. Mu je ka gani da idonka. In ka gani ka ce za ka zauna, na yi maka alkawari zan biya." Haka muka tashi mu biyar, har da autarmu.

Daga filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe tafiyar kimanin awa bakwai ce, kuma agogonsu yana gaban namu da awa uku. Mun sauka a Deira, tsohuwar unguwar 'yan kasuwa, a masaukin da Umma ta saba. Mai karatu, in ka rufe idonka a lungunan da ke kewaye da kasuwar Naif, sai ka rantse a Kantin Kwari kake, saboda Hausar da ke tashi ta ko'ina. Har Ba'indiyen da ke tsaron shago zai tare ka da "Hajiya, zo ki duba."

Kwana huɗun farko kallo muka sha. Mun hau jirgin ƙasansu na cikin gari wanda aka buɗe a 2009, ba shi da direba, kwamfuta ce ke tuƙa shi. Mun je Burj Khalifa, ginin da ya fi kowane gini tsawo a duniya, mita 828, wanda aka buɗe a watan Janairun 2010. Na'urar hawa ta kai mu bene na 124 cikin kamar minti ɗaya, kunnuwanmu suka toshe, Umma tana ta salati. Daga can sama motoci kamar tururuwa, teku a gefe guda, rairayi a ɗaya gefen. Da dare muka tsaya a gindin ginin muna kallon ruwa yana tashi sama yana rausaya da kiɗa. A wani katafaren kanti mai suna Mall of the Emirates, autarmu ta taɓa ƙanƙara mai laushi irin ta ƙasashen Turai, wadda inji ke zubawa a tsakiyar hamada. Ranar da aka kai mu cikin rairayi a mota mai hawa tuddai, aka jero mana raƙuma, Umma da ke 'yar Daura ce sai ta kwashe da dariya ta ce, "Alhaji, yanzu raƙumin da ke kasuwar Mai'aduwa kyauta ake kallo, shi muka biya kuɗi muka zo gani?"

Shi kuwa Abba, abin da ya fi jan hankalinsa tsohon gari ne. Muka shiga kwalekwalen katako da suke kira abra, a lokacin dirhami ɗaya ake biya, wato kusan naira 100, muka tsallake mashigin ruwan teku da ya raba garin biyu, muka je unguwar Al Fahidi. Gidajen nan masu ƙananan lunguna sun tuna mini da cikin birnin Zariya. Kowane gida yana da hasumiyar da ke kamo iska ta sauko da ita ɗaki, dabarar da suka rayu da ita kafin zuwan lantarki. A nan muka ji cewa mutanen Dubai da masunta ne da masu nutso cikin teku neman lu'ulu'u, kuma sana'ar ta karye a shekarun 1930 bayan mutanen Japan sun gano hanyar kiwon lu'ulu'u, har talauci ya kore wasu daga garin. Shaikh Rashid bin Sa'id Al Maktum, wanda ya yi mulki daga 1958 zuwa 1990, bashi ya ciwo ya yashe mashigin ruwan domin manyan jirage su shigo. Sai a 1966 suka sami man fetur, shekara goma cif bayan mu mun samu a Oloibiri a 1956. Da yake sun san man nasu ba shi da yawa, sai suka zuba kuɗinsa a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali da aka buɗe a 1979, da kamfanin jiragen sama na Emirates a 1985, da kasuwanci da yawon buɗe ido.

Abin da ya fi taɓa zuciyata a wannan ɓangare shi ne ruwa. Dubai ba ta da kogi ko ɗaya, kuma ruwan saman da ake yi mata a shekara bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da daminar Abuja. Ruwan teku suke tacewa su cire gishiri, amma ban taɓa murɗa famfo ya ƙi kawowa ba. Mu kuwa ga tafki a gabanmu, wanda asalinsa madatsa ce da aka yi don shayar da sabon birni, amma maƙwabtanmu na Jabi Ɗaki Biyu kullum sai sun tari 'yan garuwa da kurarsu. Duk wannan kallo Yaya murna yake yi, yana ganin kowace rana hujjarsa ƙara ƙarfi take.

A rana ta biyar Umma ta gama sari, aka kira mutumin da ke ɗaure mata kaya yana kai su wurin masu aikawa gida. Ɗan Fagge ne, ya haura shekara arba'in, kuma ya fi shekara goma a garin. Ya durƙusa ya gaida Abba. Abba ya ce, "Malam, ga ɗanka nan yana son zuwa aiki. Ina roƙon arziki ka kai mu masaukinka mu gaisa da mutanen gida." Mutumin ya yi ɗan jim, sannan ya ce, "Alhaji, ai ba wurin da za a kai babban mutum ba ne, amma tunda ka roƙa, bismilla."

Ni da Umma a ƙofa muka tsaya, amma ana hango ciki. Ɗaki ne da bai fi na kwanan ɗalibai girma ba, gadaje masu hawa biyu guda huɗu, mutum takwas. Gado ake haya, kuma kuɗinsa na wata ya isa ya kama ɗaki sukutum a Kano. A ƙarƙashin kowane gado akwati ne da tukunya. A cikinsu akwai mai digiri da ke gadi a wani kanti, yana tsayuwar awa goma sha biyu. Shi ma dillali ne ya kawo shi da bizar yawon buɗe ido, ya ce in ya iso za a mayar da ita ta aiki, daga nan wayar dillalin ta daina shiga.

Mutumin Fagge bai kushe garin ba. Ya ce da guminsa na nan ya gina gida a Kano, ya kai mahaifiyarsa Makka, kuma ba a taɓa tare shi da makami ba ko da tsakar dare. Amma ya ce wa Yaya, "Ƙanena, garin nan na baƙo ne mai kuɗi, ko mai sana'a a hannu. Takardar zaman lebura a ɗaure take da aikinsa, ranar da aiki ya ƙare, zama ya ƙare. Ko a nan aka haifi ɗanka, ba ɗan ƙasa ba ne. Ku kun zo da sanyi. Ka zo a watan Yuli ka gani." Gaskiyarsa, domin zafin bazararsu ya kai hukuma ta hana aiki a rana daga ƙarfe 12:30 zuwa 3:00, tun daga tsakiyar Yuni har tsakiyar Satumba. Ya ƙara da cewa 'ya'yansa uku a waya suka san shi.

Daga ranar sai idona ya buɗe ga wasu mutane da nake wucewa ban lura da su ba. Kusan mutum tara cikin goma na mazauna Dubai baƙi ne, 'yan Indiya da Pakistan da Bangaladash da Filifin da Afirka. Da asuba za ka ga fararen motocin safa cike da leburori an ɗebo su daga sansanoninsu na bayan gari, da yamma a mayar da su. Su suka ɗora kowane bene da muka ɗaga kai muna kallo. Abin bai zame mini baƙo ba, domin haka masu yi wa Abuja aiki ke kwararowa kowace safiya daga Nyanya da Mararaba da Kubwa, su share birnin su tsare shi, dare ya yi su fice, saboda hayarsa ta fi ƙarfinsu. Ashe kowane sabon birni yana da bayan gida inda yake ɓoye masu yi masa wahala.

Abba bai ce wa Yaya uffan ba har muka dawo. Bayan mako guda Yaya da kansa ya same shi ya ce a bar maganar dillali, amma bai fasa son fita ba, sai dai zai fara koyon abin da zai tafi da shi. Ya shiga koyon haɗa wutar sola. Wata uku da dawowarmu cutar korona ta rufe duniya, ayyuka suka tsaya, a watan Mayun 2020 aka fara kwaso 'yan Nijeriya da suka maƙale a Dubai. A 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta dakatar da ba 'yan Nijeriya biza, ba a sake buɗewa ba sai a watan Yulin 2024. A tsakanin nan kasuwar Umma ta girgiza, dole ta koma sari a Kano. Yaya kuwa yau yana da yara uku da ke aiki a ƙarƙashinsa, kuma har gobe yakan ce in ya sami aiki na gaskiya da takarda a hannu zai tafi. Abba ya ce alkawarinsa yana nan.

A ƙarshe, ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman 'yan ajin ƙarshe. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma neman halal a ƙasar wani ba abin kunya ba ne, kakanninmu ma fatake ne. Amma hoton da ake turo mana a waya a gaban dogon bene ake ɗaukarsa, ba wanda ke turo hoton gadonsa. Kafin a sayar da gona ko filin gado a miƙa wa dillali, a nemi wanda ya daɗe a can a tambaye shi inda yake kwana, da irin bizar da ke hannunsa, da abin da ke rage masa a ƙarshen wata. Allah ya ba mu abin yi mai albarka, a gida ko a waje, amin.