A Faɗa Mana da Jika da Dala

Ƴan'uwa, a Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Manya suka yi bayani da Faransanci, mu leburorin Maraɗi kuwa sai a kasuwa muka gane, da kuɗin magani ya hau. Banki yana lissafi da faran, mu da dala da jika. Shi ya sa in maƙwabcina magini zai ci bashi, ba na ce masa "kashi 10 cikin 100 a wata". Cewa nake yi: "In ka karɓi jika 10, kowane wata ruwansa jika 1 ne. Shekara ta zagayo, ka biya jika 12, uwar kuɗi kuma tana nan." Nan take yakan fasa, ya shiga adashi. Wanda Allah ya ba ilimin lissafi, bari ya faɗa da bakin da talaka yake ji.