Jan Ruwan Da Ban Taɓa Kurɓa Ba

Yau ba ci gaban labari na kawo muku ba, tonon silili zan yi wa kaina.

A wani littafina na baya na ƙirƙiri wani Alhaji, mugu, mai kuɗin banza. Don in nuna lalacewarsa sai na kai shi birnin Paris, na zaunar da shi a otal, na sa aka kawo masa jar giyar inabi. Na rubuta cewa ya tsiyaya ta tana kumfa, mai sanyi ƙarara, ya ɗaga kofi ya shanye yana santin zaƙi. Littafin ya sayu, babu wanda ya ce min kanzil.

Sai ranar da Kawuna ya zo mana daga Yamai. Tsoho ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana aikin kuku a gidajen Faransawa. Jikarsa ce ta karanta masa wurin, ya yi dariya har da tari.

"'Yata, wannan ai zoɓo kika ba Alhajin naki."

"Kawu, to ni ina na san ta? Abin da Allah Ya haramta."

"Nima ko ɗigo bai taɓa shiga bakina ba. Amma na buɗe kwalbar, na sunsuna, na ji hirar masu ita. Kin san ba ki sani ba, me ya hana ki tambaya?"

Wallahi maganar ta tsaya min a rai. Na matso da tabarma na ce ya ba ni labari.

Ya ce irin wadda manyansu ke tinƙaho da ita ba ta kumfa, ba a sa mata ƙanƙara, kuma ba ta da zaƙi. Abin da ke fara kama baki shi ne bauri, irin na goro, harshe ya bushe, daga baya ƙamshin ya biyo. Kurɓa ake yi kaɗan-kaɗan, a juya kofi, a kai hanci. Ya ce sai ka ji ƙato da gemunsa yana rantsuwa wai yana jin ƙamshin itace, da ganyen taba, da jiƙaƙƙiyar ƙasa a cikin kofi guda.

Bayan ya koma na shiga intanet na yi ta tono. Ashe ruwan inabin kansa kusan fari ne, jan daga ɓawo yake fitowa idan aka bar su tare suna tsima. Baurin ma daga ɓawo da ƙwallo yake, kuma dangin sinadarin nan ne da ke cikin bagaruwa, wanda majema ke jeme fata da shi. Shi ne ke sa ta jure shekaru. Ana zuba ta a gangar katako mai cin lita 225, ta yi shekara ɗaya da rabi ko biyu, sannan a ɗura a kwalba a ajiye. Da tafiyar shekaru baurin ke laushi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne maganar gona. A yankin Bordo, gonakin da suka fi daraja ƙasarsu tsakuwa ce, wadda manomin dawa zai raina. Ruwa ba ya kwanciya, tsakuwar na riƙe zafin rana, kurangar inabin ta wahala, sai ta ba da 'ya'ya kaɗan masu ƙarfin ɗanɗano. A 1855, zamanin Napoleon na Uku, aka jera gonakin nan hawa biyar. Huɗu kacal suka hau na ɗaya: Lafite, Latour, Margaux da Haut-Brion. Gonar Mouton Rothschild sai a 1973 ta samu shiga cikinsu. Ku lissafa wannan jira, shekara 118.

A Burgundi kuwa akwai wata gona, Romanée-Conti, wadda ba ta cika hekta biyu ba. A 1945 kwalba 600 kawai ta bayar. A 2018 aka yi gwanjon guda ɗaya daga ciki a New York kan dala 558,000. Kai jama'a! Kuɗin da za su gina rijiyoyi a ƙauyuka da yawa, a kan abin da mutum huɗu za su shanye a dare ɗaya. Ni dai wannan bai burge ni ba, kuma ba zai taɓa burge ni ba.

Amma akwai abin da na ɗauka. Mutanen nan sun san ƙasarsu taku-taku. Sun san gonar gindin tudu ta bambanta da ta tsakiyarsa, sun san shekarar da rana ta wadata da wadda ruwa ya ɓata. Da na gane haka sai na tuna da kakata da huhun goronta. Ba ta taɓa cewa goro goro ne. Ta san ɗan Gwanja, ta san na Labozhi daga ƙasar Nupe, ta san gandi sabon shiga mai yauƙi, ta san daushe da ya kwana biyu ya yi garɗi. Ɓantara ɗaya za ta gaya miki asalinsa. Ni jikarta, mai kiran kaina marubuciya, littafi nawa na rubuta "aka kawo goro" na wuce?

Nan kunyar ta kama ni sosai. Ban san na Faransa ba na yi ƙarya a kansa, na gida da na sani kuma na ƙi tsayawa in kalle shi. Da na san abin da na sani yanzu, da Alhajin nan ya fi fitowa da muninsa: ya biya kuɗin gida guda, ya kurɓa, bauri ya shaƙe shi, ya haɗiye da ƙyar yana murmushin dole don kada Turawan teburin su gane baƙo ne.

Bara Kawu ya rasu, Allah Ya jiƙansa da rahama. Sabon littafin da nake rubutawa akwai wata tsohuwa mai sayar da goro a ciki, kuma sati uku ke nan ina zuwa kasuwa ina zama wajen masu huhu da ɗan littafina da biro. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.