Tunawa da Wani Mai Sayar da Kayan Noma

Marigayin, wanda abokan aikinsa suka fi kira da Malam saboda natsuwarsa, ya ƙare rayuwarsa yana sayar da kayan noma, wato taki da iri da maganin ƙwari, a Kano da ƙauyukan da ke kewaye da ita, sana'ar da ta dogara ga amana, domin manomi ba ya gane ingancin abin da ya saya sai damina ta yi nisa. Ya ga zamanin da gwamnati ke riƙe da rabon taki, ya ga janye tallafi a 1997, ya kuma ga shirin 2012 na zamanin minista Akinwumi Adesina, wanda ya riƙa sanar da manoma rabonsu ta wayar hannu.

Abin da ya bambanta shi da takwarorinsa shi ne haƙurin yin bayani, domin yakan nuna wa manomi cewa NPK, takin da ya haɗa sinadarai uku, ana zuba shi da wuri, yayin da yuriya, mai ƙara wa ganye kore da ƙarfi, take jira sai masara ta tasa, kuma yakan hana mutum sayen buhun da gonarsa ba ta buƙata, ko da hakan zai rage masa ciniki. Gurɓataccen taki, wanda wasu ke cakuɗawa da yashi, bai taɓa shiga rumfarsa ba, kuma bashin da ya bayar a bazara yakan jira shi har kaka ba tare da tsangwama ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.