Tayar Mota da Tafin Raƙumi

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Ni kam sai da na gani da idona, a tsakiyar rairayin Damargu, da rana tsaka, mahaifiyata tana kwance a kujerar baya tana nishi, kafin in yarda da abin da direbobin ƙasar nan suka daɗe suna faɗa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan magana shi ne, na lura ba ni kaɗai ba ne cikin malamai da ma'aikata da ke tara ɗan abin da Allah ya hore masu su sayi tsohuwar kat-kat domin ziyarar gida, kuma da yawanmu abin da ke fara zo mana a rai shi ne mu sa mata manyan tayoyi.

Ina koyar da Faransanci da Hausa a wani lise na birnin Damagaram. Ƙauyenmu yana arewa. Idan mutum ya bi hanyar Agadas har ya kusa Tanut, sai ya sauka daga kwalta ya shiga daji, ya yi tafiyar kimanin kilomita 35, wadda rabinta faƙo ne mai daɗin bi, rabinta kuwa jigawa ce mai zurfin rairayi. A shekarar 2019 na sayi tsohuwar Toyota Hilux mai shan gazuwal, ƙirar farkon shekarun 1990, wadda wata ƙungiyar raya karkara ta gama mora ta yi gwanjonta. Dalilina ɗaya ne: Inna ta tsufa, ta ƙi barin ƙauye, motar haya kuwa sai ranar kasuwa take shiga can. Zuwana na farko na kafe sau biyu, yaran ƙauye suka tura ni suna dariya. Tun daga wannan rana na ƙudura a raina cewa laifin tayoyi ne, sun yi ƙanƙanta.

Ba zan ɓoye ba, har da son burgewa a ciki. Mu da muka tashi a shekarun 1980 da 1990 mun girma muna kallon hotunan motocin tseren Paris-Dakar, wanda aka fara a ƙarshen 1978, yana ratsa Agadas da Tenere. A idon yaro, abin da ke raba waɗannan motoci da na gari shi ne girman ƙafafunsu. Yaro ya girma, ya zama malami, amma hoton bai bar kansa ba.

Da na je wa makanikena da maganar, sai ya zagaya motar, ya dafa ta, ya ce: "Mushe, wannan takalmi ya fi ƙarfin ƙafarta. Waɗanda suka ƙera ta sun auna inji da giya da birki a kan tayar da ke jikinta. In ka taɓa ɗaya, ka taɓa duka." Na ce masa ya yi aikinsa, kuɗina ne. Ya ce to, ya yi shiru.

A nan ne na gano cewa ni da nake koya wa ƴaƴan mutane karatu ban iya karanta gefen taya ba. Wadda ke jikin motar an rubuta mata 205 R16, wadda na zaɓa kuma 265/75 R16. Lamba ta farko faɗin taya ce a milimita. Ta biyu tana nuna tsayin gefenta, wato kashi 75 cikin 100 na wannan faɗi. Ta ƙarshe kuwa girman janti ce a inci, wato ƙarfen da taya ke zama a kansa. Idan an yi lissafi, tsohuwar tayar tsayinta daga ƙasa zuwa sama kimanin santimita 73 ne, sabuwar kuma kimanin 80. Bambancin santimita 7 ke nan, amma rabinsa kawai ke ɗaga cikin mota daga ƙasa, domin ƙafa a tsakiyarta take juyawa. Ashe santimita uku da rabi na saya. Domin su na sake janti mai faɗi, aka ɗaga gangar motar kaɗan, aka datse gefen ƙarfen da ke rufe ƙafafun gaba don kada taya ta riƙa gogarsa in an karya sitiyari. Albashin fiye da wata biyu ya tafi a wannan aiki.

Gaskiya motar ta yi kyau. Ranar da na shiga da ita makaranta, ɗalibai suka kewaye ta, abokan aiki suka yi ta sa albarka. Sai dai tun a makon farko na fara jin abin da makanike ya hango. Babbar taya tana cin ƙasa mai yawa a kowane juyi, kusan ƙarin kashi 10 cikin 100, saboda haka inji yana wahala kafin ya juya ta, kamar mai keke da ya tashi da giya mai nauyi. Hawan da nake yi da giya ta huɗu ya koma sai da ta uku. Shan gazuwal ya ƙaru. Birki ya rage kamawa, domin ƙafar ta ƙara nauyi da tsawo. Agogon gudu ya koma maƙaryaci: idan ya nuna 60, ainihin gudun ya kusa 66, idan kuma ya ƙirga kilomita 100, na yi kusan 110, har lokacin juyen mai ya riƙa wuce ni ban sani ba. A kwana kuma sai in ji motar tana rinjaya, tun da an ɗaga nauyinta sama. Duk wannan na shanye, ina ce wa kaina ranar rairayi za ta biya ni.

Ranar ta zo a watan Afrilu na 2021, tsakiyar bazara. Ƙanena ya kira ni da asuba ya ce Inna ta kwana da zazzaɓi da amai, ba ta iya tashi. Na kama hanya nan take. Da sanyin safiya rairayi yana da ɗan ƙarfi, saboda haka na isa ƙauye ba tare da wata matsala ba, har na yaba wa tayoyina a zuci. Kafin a shirya ta, a yi sallama da ƴan uwa, rana ta take. Muka shimfiɗa ta a kujerar baya, ƙanwata ta riƙe kanta, muka nufi asibitin Tanut. A wannan lokaci rairayi ya bushe ya saki, ya zama kamar gari. A gindin wani dogon tudu motar ta fara nauyi. Na taka wuta. Tayoyin nan masu manyan haƙora, waɗanda aka yi domin laka da duwatsu, suka shiga haƙa kamar masu ginin rijiya. Na ƙara takawa, na ji warin kuloci. Kafin in ankara cikin motar ya zauna daram a kan rairayi, ƙafafu huɗu suna juyawa a banza.

Mun yi fiye da awa guda ni da ƙanena muna tonon rairayi da hannu, domin ko shebur ban ɗauko ba. Ruwan da muka riƙo ya kusa ƙarewa wajen jiƙa wa Inna zane. Can sai ta buɗe ido ta ce da ni a hankali: "Ɗan nan, ka bar wahalar da kanka. In a nan Allah ya rubuta, ai nan ma ƙasarsa ce." Ban taɓa jin kunyar kaina ba kamar a wannan sa'a.

Allah cikin ikonsa, sai ga wata tsohuwar Land Cruiser ta ƴan kasuwa, cike da buhuna da mutane a sama, tana tafe a hankali kamar ba a cikin rairayi take ba. Tayoyinta sirara ne, sun ci hanya har sun kusa shafewa. Direban, dattijo mai furfura, ya tsaya can a kan faƙo ya tako. Muka gaisa, ya leƙa ya yi wa Inna sannu, sannan ya danna tayata da babban yatsa ya ce: "Malam, kilo nawa aka sa maka?" Na ce uku, haka mai faci ya ce babbar taya take so. Ya girgiza kai ya ce: "Ka taɓa duba tafin raƙumi? In ya taka, tafin buɗewa yake yi ya baje. Jaki kuwa kofatonsa tauri gare shi, shi ya sa yake nutsewa. Kai ka sayi ƙafar raƙumi, ka mai da ita ta jaki."

Ya tsinke ƙaya ya tsuguna, ya danna bakin iska, ya bar ta tana fita har gefen tayar ya yi tumbi, ya bi sauran ukun haka. Yaransa suka kwashe rairayin da ke ƙarƙashin motar da shebur, suka share bayan kowace ƙafa. Ya ce: "Shiga, ka sa ƙaramar giya. Baya za ka fara yi, a kan sawunka. Kada ka taka wuta, lallaɓa ta. In ka ji ƙafa ta fara juyawa a banza, ɗaga ƙafarka." Na ce: "To, Baba." Motar ta ɗaga kanta ta fito kamar an zare ƙaya. Na ja da baya mai ɗan nisa, na taho da gudu madaidaici, na haye tudun ba ko tangarɗa. Ya gargaɗe ni kada in yi gudu, kada in karya sitiyari da ƙarfi, don kada taya ta fita daga janti, kuma in tabbata na mayar da iska da zarar na hau kwalta, domin taya mai ƙarancin iska zafi take ɗauka a kan kwalta har ta fashe. Ya ara mini famfonsa na ƙafa, ya ce in bar masa a tasha. Na miƙa masa ɗan abin goro, ya ƙi karɓa, ya ce in sayi magani. Kafin magariba an ɗaura wa Inna ƙarin ruwa. Ta kwana huɗu a asibiti, Allah ya tashi kafaɗunta.

Da na koma makaranta na ba abokin aikina malamin kimiyya labari, sai ya ɗauki alli ya nuna mini abin a kan allo. Ya ce iskar da ke cikin taya ita ke ɗauke da mota. Mota mai nauyin tan biyu da kayanta, kowace ƙafa tana ɗauke da kimanin kilo 500. Idan matsin iska kilo 3 ne a kan kowane murabba'in santimita, wurin da taya ke taka ƙasa zai kai kimanin murabba'in santimita 170. Idan aka rage matsin zuwa 1,2 sai wurin ya haura 400, kuma yawancin ƙarin a tsawo yake, ba a faɗi ba. Lissafin kusan-kusan ne, domin jikin tayar ma yana ɗaukar wani abu, amma ma'anarsa a fili take: muddin an cika ta da iska tam, babbar taya ba ta fi ƙarama taka ƙasa da wani abin kirki ba. Amfanin girmanta yana fitowa ne in an sassauta ta, domin a lokacin tana da wurin bajewa fiye da ƙarama.

Daga baya na karanta cewa matsalar ta daɗe tun shigowar mota Sahara. Ayarin motocin Citroën da ya ratso hamada ya bi ta Yamai da Damagaram a ƙarshen 1924, maimakon tayoyin baya, wani dogon ɗamarar roba aka yi masa mai zagaye ƙafafu, domin a baza nauyi a kan rairayi. Wani Baturen Ingila kuma, Ralph Bagnold, ya ratsa tuddan rairayin Masar da Libiya a ƙarshen shekarun 1920 da cikin shekarun 1930 da ƙananan motocin Ford waɗanda ƙafa biyu kawai ke ja, kuma cikin dabarun da aka san shi da su har da rage iskar taya. Dattijon da ya cece mu bai karanta ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Shi a wurin raƙumi da hanya ya yi karatunsa, ya kuma isa inda suka isa.

Ba ina cewa babbar taya ba ta da amfani ba ne. A hanyar da manyan motoci suka haƙa suka bar tudu a tsakiya, santimita uku da rabin nan sun sha hana cikin motata bugun ƙasa. Shi ya sa da tayoyin suka ƙare ban koma ga ƙanana ba. Na sayi 7.50 R16, irin ta motar dattijon, mai tsayi kusan ɗaya da waɗanda na cire, amma siririya, marar manyan haƙora, wadda kuma ba ta wuyar samu a tashoshinmu in ta fashe wa mutum a hanya. Na yarda da ɗan ragin ƙarfin inji, na san abin da na saya da shi. Yanzu a bayan kujera akwai shebur da famfo da ma'aunin iska da jarkar ruwa, waɗanda kuɗinsu duka bai kai na taya ɗaya ba.

Shawarata ga ɗan uwa malami da ke shirin yi wa kat-kat ɗinsa irin wannan gyara ita ce, kafin ya je wurin mai sayar da taya, ya fara zuwa tasha ya zauna da direbobin da ke bin hanyar garinsu. Ya tambaye su inda jigawa take da inda faƙo yake, da lokacin da rairayi ke da ƙarfi da lokacin da yake saki, da kilo nawa suke bari a kowane wuri. Mu da muka saba tsayawa gaban allo muna ba da amsa, tambaya takan yi mana nauyi, alhali kuwa ita ce rabin ilimi.

Inna tana nan da ranta, har yanzu ta ƙi barin ƙauye. Duk sanda na sauka daga kwalta, nakan tsaya a bakin rairayi in tsuguna gaban kowace ƙafa in sassauta ta, in yi wa dattijon nan addu'a, ko sunansa ban tambaya ba. Allah ya saka masa da alheri, ya kai matafiya gida lafiya.