Zoɓon da na kashe da kanwa

Azumin farko bayan aurena, a wani ƙauye kusa da Ɗambatta, ni na karɓi haɗa zoɓon buɗa-baki da gidanmu ke kaiwa masallaci. Ba wanda ya sa ni. Na ɗanɗana na Inna, mahaifiyar maigidana, na ji tsami har cikin muƙamuƙi, ga zafin citta, ga ƙamshin kanumfari, ga wani ɗan ɗacin kimba da ke tsayawa a maƙogwaro bayan an haɗiye. A raina na ce wannan haɗin ƙauye ne, bari in nuna musu na birni.

Na jefa kanwa a tukunya don ta kashe tsamin. Na rage citta, na ajiye kimba gefe, na tula sukari, na ɗiga filebar abarba ta kwalba. Tun tukunya na kan wuta ya kamata in gane, domin jan nan mai ɗaukar ido ya dushe, ya koma baƙi-baƙi. Launin zoɓo da tsaminsa tare suke tafiya, kanwa na taɓa ɗaya, ɗayan ya sauya. Na gani, na kau da kai.

Bayan magariba yara suka dawo da bokiti ko rabi ba a sha ba. Ƙosai ma, da ba ya kwana, ya rage a kwano.

Inna ba ta yi faɗa ba. Ta miƙo mini ƙosai ta ce, "'Yar nan, ci wannan ki kora da naki." Na kora. Maiƙo ya kwanta a harshe, zaƙi ya hau kansa, nan take abin ya ginshe ni. Sai ta ba ni ragowar nata na jiya. Kurɓa ɗaya baki ya wanke, hannuna ya koma kwano da kansa.

Kuskurena shi ne na auna abin sha shi kaɗai, na manta da abin da za a ci da shi. Ƙosai, waina, fanke, duk daga kaskon mai suke fitowa, kuma tsami da ɗan ɗaci su ne ke share maiƙon, su buɗe wa loma ta gaba hanya. Ko masu dafa giya a Turai, duk da ba abin shanmu ba ne, sun daɗe da sanin zaƙin tsiron hatsi shi kaɗai gundura yake yi, shi ya sa suke jefa furen hops mai ɗaci a tukunya; dokar Babariya ta 1516 ma ta ambace shi tare da ruwa da sha'ir. Zoɓon da ake lodawa daga kasuwar Dawanau zuwa Meziko kuwa, a can ma da tsaminsa ake shan sa, kusa da abinci mai barkono da maiƙo.

Abin da ya fi damuna ba kunyar bokitin ba ce. Yakuwar da ta ba da zoɓon nan Inna ce ta shuka ta a iyakar gona, gefen gero da dawa, ta ci ganyenta a fate da damina, ta zauna da kaka tana ɓare ta ɗaya bayan ɗaya har yatsunta suka rine, ta ware gurguzun don daddawa. Na ɓata mata zoɓon a yammaci guda, na kuma bar masu azumi da ƙishirwarsu. Na durƙusa na nemi gafara, ta ce ba komai, gobe in zo in tsaya kusa da murhu.

Yanzu kanwa ba ta kusantar tukunyata. Ba na barin zoɓo ya daɗe yana tafasa, don bauri yake yi. Kimba guda ɗaya nake fasawa, in za a ci dambu in ƙara citta, sukari kuma kaɗan, sauran a kwano, mai so ya ƙara.