Godiya ga waɗanda suka koya mini cin abinci a karo na biyu

Da sunan Allah nake farawa, Shi ne ya ba da lafiyar da nake zaune da ita yau. Bayan Shi akwai mutanen da suka ɗora mini bashin alheri, kuma na daɗe ina jin nauyinsa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ƙarami ne. A Maulidin da ya wuce, lokacin da garinmu Madarunfa ya cika da baƙi masu ziyarar kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da tafki, na shiga gidan wani amini domin gaisuwa. Aka shimfiɗa tabarma, aka jera kwanoni. Da aka zo kaina, sai yarinyar gidan ta ajiye mini ƙaramin kwano mai ɗauke da rabin tarwaɗa da ɗan kwaɗon zogale, ta janye kofin ruwa daga gabana, ta wuce. Ba wanda ya ce mata komai, ba kuma wanda ya dube ni. Na ci, na gode, na fito. A hanya hawaye suka zubo mini, domin na tuna shekarun da aka ɗauka kafin a kai ga wannan kwanon.

Ni ɗan kasuwa ne, rayuwata tsakanin Maraɗi da Ɗan Isa da Jibiya da Kano na yi ta, mafi yawanci a zaune cikin mota ko rumfa. Ƙiba ta shigo mini a hankali, mutane suna ta yi mini barka, wai arziki ya zauna. Sai da na haura kilo 130, ciwon suga da hawan jini suka haɗu mini, sujada ta gagare ni, na koma salla a kan kujera. Daga nan likitan da ke duba ni a Maraɗi ya kawo maganar aikin rage tumbi. A birnin Tunis aka yi mini shi. Ta 'yan ƙananan huji a fatar ciki suke shiga da kayan aiki, su yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin su fitar, su bar siriri mai kama da ayaba. A farko abin da yake ɗauka bai wuce finjalin shayi biyu ba. Ɓangaren da ake cirewa kuma shi ne yake samar da mafi yawan sinadarin da ke tayar da yunwa, shi ya sa mutum yake wuni bai nemi abinci ba. Ina gode wa likitan da ya yi aikin, da matar da ke kula da sha'anin abinci a can, wadda ta zaunar da ni da maiɗakina ta yi mana bayani har sau uku. Aikin bai kai awa biyu ba. Abin da ya biyo baya kuwa har gobe ana cikinsa, kuma a gida ake yin sa.

Saboda haka godiyata mafi girma ta uwargida ce. Makonnin farko na ruwa-ruwa ne, romo da nono marar suga, sai aka koma abin da aka dama ya yi laushi, kafin wajen wata biyu a fara taɓa abinci mai ƙarfi. Wannan duk mai haƙuri zai iya, tunda yana da ranar ƙarewa. Wahalar tana cikin abin da ba ya ƙarewa. An ce mana jikina yana bukatar giram 60 zuwa 80 na sinadarin gina jiki kowace rana, ga shi wurin zubawa kaɗan ne, don haka abin da ya fara shiga shi ne ya ci wuri. Mu kuwa a gidan Bahaushe tuwo ne abinci, nama da kifi rakiya suke yi. Ita ta juya wannan tsarin a kwanona. Kifi ko ƙwai ko wake ko naman kaza su ne farko, sai ganye, tuwo kuma loma biyu ko uku a ƙarshe idan wuri ya rage. Ta gano da kanta cewa tuwon gero mai laushi da miyar kuka yana zauna mini lafiya, shinkafa da burodi sabon gashi kuwa suna cunkushewa su tsaya mini a ƙirji. Ta gano cewa tsire da kilishi, duk da amfaninsu, sun yi mini bushewa, sai ta koma dafa naman har ya narke. Ba a takarda ta karanta waɗannan ba, fuskata take kallo idan ina ci.

Maganar ruwa ta fi komai ba mu wuya. Doka ita ce kada a haɗa ci da sha: a dakata da ruwa kafin abinci, a kuma jira kamar minti 30 bayan an gama. In aka haɗa, ko dai ruwan ya cika wurin abinci, ko ya tura abincin ya wuce da sauri yunwa ta dawo, ko kuma duka su taso. Amma ana son mutum ya sha lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, da kurɓi-kurɓi. Wanda ya san zafin Afrilu a ƙasar Maraɗi, lokacin da ma'auni yake wuce 40, ya san abin da ake nufi da a hana mutum ɗaga moɗa ya shanye. Shekara arba'in da wani abu hannuna ya saba kai wa ruwa bayan kowace loma ta uku. Ita ce ta riƙa ɗauke kofin tana cewa, “Alhaji, da saura.” Wata rana na yi mata tsawa a gaban yara. Ba ta ce uffan ba, kuma ba ta mayar da kofin ba. Na nemi gafararta a lokacin, ina kuma sake nema a nan.

Inna kuwa tata jarrabawar daban ce. Ni ne ɗanta namiji na fari, ba ta kiran sunana, ba ta kuma nuna damuwa da ni a gaban mutane. Amma da na fara zubewa, tufafi suka yi mini yawa, gashin kaina ya soma kakkaɓewa a wajen wata na huɗu, sai maganganu suka fara yawo a gari. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce wata muguwar cuta ce ake ɓoyewa. Inna ta riƙa aiko mini da akushi cike da tuwo, ana mayar mata da shi kusan yadda ya zo. Na san abin da wannan yake yi wa zuciyar uwa. Ranar da na je na durƙusa na yi mata bayani, na ɗauki finjali na nuna mata girman abin da ya rage mini, ta daɗe shiru, sannan ta ce, “To, Allah ya sa haka shi ne alheri.” Tun daga ranar ta zama garkuwata. Duk wanda ya kawo mata gulma sai ta ce yaron nan magani yake yi, a bar shi. Ƙwan zabi take tara mini da damina. Gashin ma ya dawo, kamar yadda likita ya faɗa tun farko.

Akwai abin da ya kamata in faɗa da gaskiya, domin shi ne wanda ba a cika gaya wa masu shirin wannan aiki ba. A shekara ta biyu zuwa ta uku yunwa tana dawowa, tumbin yana ɗan saki, kuma mutum yana gano abubuwan da ke wucewa ba tare da tsayawa ba. A ƙasarmu wannan abin fura ce. Tuwo yana tsayar da kai, nama yana tsayar da kai, amma fura da aka dama da suga silalewa take yi, ka sha ludayi biyar yanzu, ka ƙara biyar bayan awa ɗaya, ba ka ji komai ba. Haka kunu, haka zoɓo mai zaƙi, haka biskit da ake jiƙawa a shayi. Lemon kwalba na bar shi tun farko saboda iskarsa tana kumbura ni, sai na ɗauka na tsira. Cikin 'yan watanni na mayar da kilo takwas. Yayata ce ta lura, ita da take zuwa daga Jiratawa da zogalen lambunsu. Ta dube ni ta ce, “Ƙanena, wuyan rigarka ya fara cika.” Ba ta tsaya a magana ba. Ta je wurin Bafulatanar da ke kawo mana nono ta ce daga yau kindirmo zalla za a riƙa ware mini, ta ce wa uwargida fura sau biyu a mako, rabin curi, babu suga. Na ji haushi a lokacin, ba zan ɓoye ba. Yaya, na gode. Da kin yi mini kara irin ta mutane, da kuɗin Tunis sun tafi a banza.

Abokan fadarmu ma suna da nasu kason. Shayi uku ake yi kamar ko'ina, kuma ƙin karɓa kamar raina mai dafawa ne. Da gwajin jini ya nuna jinina ya yi ƙasa, majo, wato babban ma'aikacin jinya na asibitin garinmu, ya bayyana mini cewa shayi yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, ga shi tumbin da aka rage ba ya fitar da ruwan tsami kamar da. Na faɗa musu sau ɗaya. Tun daga nan finjali ɗaya ake zuba mini, kafin a sa suga, kuma ba a dab da cin abinci ba. Shi majon nan ne yake yi mini allurar bitamin B12, wanda rashinsa yake kawo kasala da jin kamar ana tsira allura a ƙafafu, har ya iya lalata jijiyoyi in aka yi sakaci. Shi ne ya hana ni sayen magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac daga masu talla a kasuwa, ya ce suna iya yi wa ɗan tumbin da ya rage gyambo. Da ƙwannafi ya dame ni da dare, wanda yake yawan samun masu irin wannan aiki, ya ce in bar cin abinci awa uku kafin kwanciya, in ɗaga kan gado, ya kuma tura ni Maraɗi aka rubuta mini magani. Duk shekara shi yake tuna mini lokacin gwajin jini ya yi.

Bitamin ɗin da nake sha na har abada ne, kuma mun san darajarsu lokacin da suka yi wuya. Bayan juyin mulkin da aka yi a ƙasarmu ranar 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka da Najeriya, kaya suka yi tsada, magunguna da yawa suka ɓace daga kantuna, har zuwa watan Maris 2024. Nawa suka ƙare. Wani mai kantin magani a Maraɗi, wanda ba dangina ba ne, ya ɓoye mini kwali biyu na ƙarshe da ya rage masa, ya sayar mini a kuɗinsu na da, alhali da ya ninka ma zan biya. Allah ya yi wa dukiyarsa albarka.

Sai malaminmu, a kan azumi. Ramadan na farko bayan aikin likita ya ce kada in yi, domin ba zan iya shan ruwan da zai riƙe ni tsakanin magariba da asuba ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, tun ina yaro ban taɓa shan azumi ba. Na je wurin Malam ina fatan ya ce in daure. Ya saurare ni har na gama, ya ce Allah da kansa ya yi wa marar lafiya rangwame, kuma maganar likita amintacce abin bi ce a nan. In sha, in rama idan na samu iko. Na rama su da sanyin hunturu, lokacin da yini yake gajere. Yanzu ina azumi tare da jama'a, da izinin likita. Ina buɗe baki da dabino ɗaya da kurɓin ruwa, in yi salla, in jira, sannan in ci kifi ko ƙwai. Ƙosai da soye-soye na bar wa yara. Daga isha'i zuwa sahur gora tana gefena ina kurɓa.

Ban manta da masuntan tafki ba, musamman dattijon da yake ware mini karfasa tun da asuba kafin 'yan sari su iso, ko da ban aiko da kuɗi ba. Da 'ya'yana, da suka saba da ganin mahaifinsu yana shafe minti ashirin ko talatin a kan abin da su za su gama cikin biyar, suka daina tashi su bar ni ni kaɗai a tabarma.

Yau ina sujada da goshina a ƙasa. Maganin suga an rage mini shi sosai, na hawan jini saura ƙwaya ɗaya. Ina taka ƙafa daga gida zuwa bakin tafki in dawo bayan sallar asuba.

Ga wanda yake shirin yin wannan aiki, daga Maraɗi ne ko Katsina ko Kano, ka tafi da wanda zai riƙa dafa maka, ya ji bayanin da kunnensa, ka kuma tabbata kana da mai auna jininka a kusa da gida kafin ka hau jirgi. Ga sauran jama'a kuma roƙona ɗaya ne: idan baƙo ya ci loma uku ya janye hannu ya ce alhamdu lillahi, ku karɓa masa, kada ku ce sai ya ƙara.